Baƙin Soɓorodon Anka

Kaduna, lokacin kaka

Zuwa ga Gwaggo Zaliha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba Hudu da iyalinsa da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki, ƙafar tasa ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci da kansa.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wace ce kuma. Kausar ce, 'yar Halilu ɗan baffanki, wadda kika kama tana tsoma kofi a randar zoɓo ranar bikin Mardiyya, kika ce in ba ta bari ba leɓenta zai zauna ja har ta tsufa. Na nemi wayarki na gaji, sai Baba ya tuna mini an rufe layi a wajenku. Shi ya haɗa ni da Jibo direba mai zuwa Anka.

Gwaggo, na gama karatun sarrafa abinci, yanzu zoɓon kwalba nake haɗawa. Ba irin na ƙullin leda da ake cika wa kala da sukari ba. Wani babban otal a Abuja sun ce za su riƙa karɓa duk shekara in na kawo wanda ba a samu a ko'ina. Na ce zan kawo, don na san inda yake.

Na riga na samu iri biyu. Na Gummi na kusa da gulbi ne, ja wur, tsaminsa mai laushi, da ɗan ƙamshi kamar na kanya nunanna. Na Bukkuyum na jigawa ne, tsaminsa da kaifi, kurɓin farko yake wartsakar da mutum, amma da an haɗiye shi ke nan ya wuce. Na haɗa su, launi ya yi, tsami ya yi, nauyi ne babu. Miya ce ba daddawa. Abin da ya rage naki ne, baƙin nan mai bauri da har yau ban manta ba.

Don Allah ki aiko mini ko mudu ɗaya ne in gwada, ki kuma faɗa mini yadda gonar take da yadda kike noma shi, domin masu saye suna tambaya.

'Yarki,
Kausar

*

Anka, sanyi ya fara

Ɗiyata Kausar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ciwon baya na tsufa da ba a kai wa likita. Takardarki ni na karanta ta da kaina, da gilashina mai ƙafa ɗaya da na ɗaure da zare. Ki gaida Halilu, ki ce masa ƙafar da ta kai masallaci tana iya kai tasha. Zumunta a ƙafa take.

Na tuna ki sarai, mai jan leɓe. Kuma kin yi gaskiya, wanda ya sha nawa ba ya mantawa. Abin da kuke ce wa zoɓo mu soɓorodo muka sani, kuma daga nan har Gummi ban ga wanda zai ajiye nasa kusa da nawa ba. Ba fariya ba ce, kowa ya sani.

Gonar tana arewa da gari, bayan tsamiyar nan ta kan hanya. Ƙasar ja ce mai tsakuwa, ruwa ba ya kwana a kanta, shi kuma soɓorodo ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Bayan girbi Fulani kan sauka da shanu su bar mini taki. Na zamani ba na sa masa, ganye kawai yake sa shi yi, kan soɓorodon ya fito salam ba kauri. Irin na uwar mijina ne, gurguzunsa nake ajiyewa a tulu da toka. Ba na shuka sai damina ta zauna, ba na tsinka sai sanyi ya taɓa shi ya yi baƙi ya yi nama. Shanya kuwa a inuwa, rana cinye launi take. Masu gaggawa su tsinka yana ja, su baza a rana, sannan su zuba kanwa don ya yi duhu, wai su ma sun yi baƙi.

To ga abin da ya sa na yi murna da takardarki fiye da yadda kike zato. Gonar nan ta gandu ce, ba a raba ba tun rasuwar Malam Abdulwahabu mijina, magana kuma a hannun ƙanensa Hudu take. Masu zinari sun sa mata ido saboda rijiyar da ke ciki, suna so su kafa injin niƙa dutse. Hudu ya same ni ya ce, "Zaliha, soɓorodo ba shi cika rumbu. Mutanen ga kullum suna ƙohwata, mi kika so in ce musu?" Na ce, "Ba ni kakag ga kaɗai." Muka tsaya a kan in soɓorodo ya samu mai saye na dindindin gona ta zauna, in bai samu ba da rani inji ya shigo.

Ke yarinya ce lokacin, amma Halilu ya san inda na baro ɗiyata Sahura. A Bagega muke zaune shekarar da dalma ta ci yara, ana niƙa dutse a tsakar gidajenmu ba mu san abin da ke cikin garin dutsen ba. Shekararta uku ta rasu. Bayan ta muka tattara muka dawo Anka. Ba zan iya zama in ji kukan injin nan a gonar da nake ci ba, wallahi ba zan iya ba.

Hudu dai ba mugu ba ne, gida ne ya yi masa nauyi. Shi ma ya kawo mini buhuna masu kauri bana, na farke wasu na yi shimfiɗar shanya, na zuba miki naki a ɗaya. Ba mudu ba, rabin buhu. Ki jiƙa da ruwan ɗumi, kada ki tafasa shi kamar kina dafa wake.

Gwaggonki,
Zaliha

*

Kaduna

Gwaggo,

Ina gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Baba ya ji maganar tasha, ya yi dariya ya ce zai zo.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Duk kayan da nake saye sai na kai ɗakin gwaji kafin in sa a kwalba. Na Gummi da na Bukkuyum sun wuce lafiya. Naki an samu dalma a ciki, mai yawa. Kada kowa ya sha, kada ki sayar wa kowa.

Amma ki saurare ni da kyau, wannan bai nuna gonar ce ba. Mai gwajin ya ce da ya wanke wasu ya sake aunawa dalmar ta ragu sosai, alamar a bayansa take kwance, ba daga saiwa ta hau ba. Ki aiko mini da ƙasa daga gefunan gonar da tsakiyarta, da ruwan rijiya, da zoɓon da kika tsinka da hannunki kika sa a kwanon da aka wanke, wanda bai taɓa komai ba.

Kafin sakamako ya fito na riga na kurɓa, kuma dole in faɗa miki. A kofi baƙi ne, sai an ɗaga shi a haske ake ganin jan. Tsaminsa ba ya gaggawa. Yana shiga a hankali, sai bauri ya biyo baya ya kama gefen harshe kamar na goro mai kyau, a ƙarshe ya bar ɗan garɗi da ke daɗewa a maƙogwaro. Na ɗiga kaɗan a cikin haɗin nan biyu, nan take ya tsaya da ƙafarsa. Shi nake nema, kuma ba zan nemi wani ba.

'Yarki,
Kausar

*

Kaduna

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Jibo ya ce ya ba da takardata hannu da hannu, ya kuma koma gidan aka ce kina ciki amma ba saƙo. Hankalina ya tashi. In ciwo ne ki sa a faɗa mini. In kuma fushi ne, ki yi fushin amma ki aiko da ƙasar. Mutanen otal sun tambaye ni, na ce su ƙara haƙuri, kaya na nan tafe. Na faɗa ne da ƙarfin gwiwa, kada ki bar ni da kunya.

Kausar

*

Anka

Kausar,

Muna lafiya. Ba ciwo ba ne, fushi ne, kuma har yanzu bai gama sauka ba.

Ke a Kaduna takarda mutum ɗaya ke karanta ta. A nan gida duka ke karantawa. Ranar da taki ta zo ba ni da gilashi, Rufaida jikar Hudu, wadda ba ta daɗe da iya gudu ba, ta zauna a kansa ta ƙarasa ɗayar ƙafar. Sai na miƙa wa Hudu, ina taƙama, na ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji abin da Abuja ta ce. Mata na sussuka suka tsaya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya karanta gaisuwa, ya zo kan "naki an samu dalma a ciki, mai yawa." Nan mata suka ɗauki salati, ba wanda ya ƙara jin komai. Shi ma bai ci gaba ba. Ya naɗe takardar ya ce, "Kin jiya ko? Ɗiyar Halilu da ta yi boko ta hwaɗi. Gonag ga ta riga ta ci dalma. Mi ar rage?"

Na karɓe takardar daga hannunsa. Kalmar dalmar nan ban sake jin ta a kaina ba tun Bagega. Na shiga ɗaki na tura takardarki ƙarƙashin tabarma, na ce ɗiyar da na ɗauka za ta tsare mini gona ita ta miƙa ta. Kafin kasuwa ta zagayo zance ya gama unguwa. Wadda ta sayi mudu biyu ta aiko a mayar. Masu zinari suka je suka auna gefen rijiya, suka kafa turaku.

Da ta biyu ta zo na rantse ba mai sake karanta mini takarda. Na je kasuwa na sayi gilashi, na zauna na karanta duka biyun tun daga bisimilla. Sai ga shi rabin maganar yana ƙasa, inda Hudu bai kai ba. Haba Kausar! Wa ya koya miki ki fara da mari sannan ki kawo lallashi? Da kin sa zancen baurin nan a sama, da ko banza sun ji an yabe ni kafin a kashe ni.

Na dai yi kuka da na karanta shi, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina noma abin nan, ba wanda ya taɓa faɗin yadda yake a baki sai ke.

Da safe na tafi gona. Turakunsu na tumɓuke, itace ne mai kyau, na dafa tuwo da su. Kaka ba ta ƙare ba, alkawari kuma bai cika ba. Akwai kunyoyi na can gefen tsamiya da ban tsinka ba, su na tsinko da hannuna na sa a kwanon da na wanke sau ba adadi. Ga ƙasa, kowane gefe da ƙullinsa, ga ruwan rijiya a gora.

Ni na san gonata, ba a taɓa sauke dutse a cikinta ba. Amma in awonku ya ce ita ce, ki faɗa mini kai tsaye, kada ki kewaya. Na binne ɗiya, zan iya binne gona.

Zaliha

*

Kaduna

Gwaggo,

Wannan a karanta ta a tsakar gida, da ƙarfi, har ƙarshe. Kuma ina roƙon Baba Hudu shi ya karanta. Baba Hudu, ina gaishe ka da girmamawa.

Ƙasar gona lafiya lau take, duk ƙullin da aka aiko. Ruwan rijiya lafiya lau. Zoɓon da aka tsinka aka sa a kwano lafiya lau, ya fi wanda ake nema tsabta. Takardar gwajin tana cikin ambulan ɗin nan da hatiminta. Gwaggo, ki yafe mini marin, na karɓi faɗan.

Da na ga haka sai na rasa ta inda dalmar ta shiga, har idona ya kai kan buhun da aka aiko mini na farko. Na kai shi ɗakin gwaji. Garin da ke maƙale a ɗinkinsa kusan duk dalma ne. Buhun nan ya taɓa ɗaukar niƙaƙƙen dutse, ko da an kakkaɓe shi ya yi kama da sabo. A kan irinsa aka yi shanya, a cikinsa aka zuba.

Don Allah a duba, me kuma aka zuba a cikin irinsu? Kada a ƙone su, kada a kakkaɓe, kada a wanke kusa da rijiya. A ɗaure su a leda a nemi ma'aikatan lafiya masu aikin dalma, su za su faɗi yadda za a yi da su. Yaran gidan kuma a kai su a auna jininsu, ko da suna wasa lafiya lau. Wannan ya fi mini zoɓon.

Wanda aka shanya a buhunan ya tafi, sai haƙuri. Amma na gefen tsamiya zai isa a fara, domin naki kaɗan ake sawa ya riƙe sauran. Otal sun ɗanɗana, sun karɓa, na bana da na baɗi. Ga kwalba ɗaya na aiko. Na Gummi ke buɗe baki da ƙamshi, na Bukkuyum ya kawo kaifi, naki ya zo ƙarshe ya zauna. Na sa 'yar citta da kanumfari.

Saura magana ɗaya. A jikin kwalbar zan rubuta garuruwan uku. Mutanen otal sun ce in cire Anka, wai mutane da sun ji sunan dalma suke tunawa. Na ce sai na tambayi mai gona.

'Yarki,
Kausar

*

Anka

Ɗiyata Kausar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma yau da gaske nake faɗa. Ki gaida Halilu, har yanzu muna duban hanya.

Hudu ya karanta a tsaye, gida cike, har da maƙwabciyar katanga, na aika an kira ta don ta ji da kunnen da ta ji na farko. Da ya zo kan ƙasa lafiya lau na yi guɗa, ni da na manta yadda ake yi. Ya ci gaba. Da ya kai kan buhu sai ya nemi turmi ya zauna.

Masu zinarin ne suka ba shi buhunan kyauta, lokacin da suke zaryar neman gona. Shi kuma ya ga masu kauri ne, ya ce gida ya samu. Ba ni kaɗai ya ba ba. Geron da aka sussuka a ciki yake. Ɗaya kuma an farke shi an shimfiɗa a gindin darbejiya, a kai ake zaunar da Rufaida in uwarta na daka, tana cin ƙuli-ƙuli tana tsintar wanda ya faɗi. Duk muka juya muka dubi wurin, tana kai a zaune a lokacin. Hudu ya tashi ya ɗauke ta da kansa, ya ce, "Ni nik kawo su gidan ga da hannuna."

Mun yi yadda kika ce. Ma'aikatan sun zo sun kwashe buhunan, sun kankare ƙasar gindin darbejiya. Geron sun ce kada a ci, wannan ta yi mana zafi, amma 'yan uwa sun tara mana. An auna yara. Manyan ba laifi. Rufaida akwai dalma a jininta, ta hau, sun sa ta a magani, sun ce an zo da wuri.

Kausar, Sahura ban san abin da ke jikinta ba sai ranar da ta kasa tsayuwa. Wannan mun sani tana kan ƙafafunta tana gudu. In da ba ki sayi ko mudu ɗaya ba, kin biya ni.

Masu zinari sun dawo neman turakunsu. Ban fita ba, daga zaure na ji Hudu yana cewa, "Ku ɗauki injinku ku tahi wani wuri. Gonag ga soɓorodo aka nomawa cikinta." Da yamma ya zo ƙofar ɗakina yana kame-kame, wai ko akwai ragowar gurguzu a tulu, yana so ya gwada a tasa gonar. Na ce akwai, amma sai ya yi alkawarin ba zai tsinka yana ja ba.

Kwalbarki mun sha. Na Gummi yana da ladabi, na Bukkuyum yana da baki, nawa kuma kin ji shi, shi ne babba a cikinsu. Citta ta yi yawa, tana taka masa bauri, ki rage. Hudu ya sha kofi biyu, a wurinsa yabo ke nan. Rufaida na ba ta kurɓi ɗaya ta ƙwace kofin, yanzu haka tana zagaya tsakar gida leɓe ja wur. Na faɗa mata abin da na faɗa miki.

Zancen suna kuma, ki rubuta Anka, da manyan baƙaƙe yadda mai gilashi irina zai gani daga nesa. Wanda ya tambaye ki dalma ki nuna masa takarda mai hatimi. An daɗe ana jin sunan garin nan da kuka, a bari a ji shi da abin sha.

In Jibo zai taso ki aiko mini da buhuna daga Kaduna, sababbi, waɗanda ba su taɓa ɗaukar komai ba. Ki sa da yawa. Baɗi har gefen rijiya zan shuka, daidai inda suka kafa turaku.

Gwaggonki,
Zaliha